Zobon da Muka Saya ta Taga a Louisiana

Tun da muka dawo Bronx, unguwarmu a birnin New York, ba a bar ni na huta ba. A makaranta ƙawayena suna tambaya, a masallaci bayan Juma'a ana tambaya, a shagon Tanti Hadiza da ke kusa da Fordham Road kuwa da dariya ake tarbata tun kafin in yi sallama. Tanti ta riga ni ba da labarin, kuma duk sanda ta sake bayarwa sai ya ƙara ƙiba. Da farko ɗan sanda ɗaya ne ya tsayar da mu, yanzu sun zama cikin mota uku har da kare. Ni ban iya dogon bayani da baki ba, in mutum ya wuce biyu suka zuba mini ido muryata maƙalewa take yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Mu uku muka yi tafiyar. Kawu Sule ƙanin mahaifiyata ne, a gidansa na unguwar Morrisania nake zaune tun da na zo daga Zariya karatun lafiyar al'umma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Matarsa Tanti Hadiza 'yar Maraɗi ce, tana sayar da atamfa da turaren wuta, ita kuma surukuwa take kirana, tana cewa Allah ya ba ta uwar miji mai tabarau wadda ba ta faɗa. Kawu tuƙin haya yake yi a birni. Akwai wani kati na hukumar motocin haya da yake maƙale a gaban motarsa, shi yake ciyar da mu, shi yake ciyar da wasu gidaje a Zariya. Yakan ce laifin gudu ana biyan tara a wuce, amma in aka rubuta kalmar giya kusa da sunan direba, to katin nan ya tafi. Kuma yana ɗingishi. Shekarun baya, kafin in zo, wani bugagge ya tsallake jar danja ya daki motarsa ta gefen direba. Tun daga nan gwiwarsa ta hagu ba ta miƙe daidai ba, kuma a gidanmu ba a ambaton sunan abin nan. In ta kama dole, sai a ce “abin mutanen can”.

To ga inda nake. A zangon nan an ba mu rubutu kan wata doka da ta shafi lafiyar jama'a, ni kuma na zaɓi wuraren da ake sayar da giya ta taga, inda mutum ba ya ko sauka daga mota, yadda ake sayen burodi da nama a gidajen abincin gaggawa. Na so in san yadda za a hana yaran da ba su kai shekara ashirin da ɗaya ba saye, da yadda za a hana direba sha yana tuƙi. Na karanta dokokin jihohi har idona ya yi ja, amma ban taɓa ganin irin tagar da idona ba. A gida da aka tambaye ni abin da nake rubutawa, na ce tsaron hanya. Ba ƙarya na yi ba. Rabin gaskiya ce, ɗaya rabin kunya ta cinye.

Sai ga labari ƙanwar Tanti da ke aure a Baton Rouge ta haihu. Jihar Louisiana ke nan, inda irin tagogin nan suka fi suna. Tanti ta ce ba za ta hau jirgi ba, domin babu jirgin da zai yarda ya ɗauki tukunyarta ta suna da buhun gero da turaren jego da atamfofin da ta tara. Kawu ya ce to a mota za a je. Ni da ba na zuwa ko biki a Soundview da ke nan cikin Bronx sai an ja ni, na ce zan bi su. Tanti ta dafa goshina ta ji ko zazzaɓi nake yi.

Na shirya wa tafiyar kamar mai zuwa jarrabawa. Na sa fasfo da takardun makaranta da katin shaida a cikin wata jakar roba, na rataya ta a wuya ƙarƙashin hijabi, domin na lissafa jihohin da za mu keta na ga sun fi yatsun hannu ɗaya. Ni a sanina, ko daga Zariya zuwa Kano sai ka tsaya a shinge an leƙa motarka. Tanti ma ta ba ni labarin iyakar Jibiya, inda ake sauke mutane a rana a buɗe ƙullin kowa. Da muka haye gada muka shiga New Jersey na gyara zama, na riƙe jakata. Babu wanda ya tsayar da mu. Iyakar ita ce wani allo mai cewa barka da zuwa, shi ma ban gama karanta shi ba muka wuce. A Pennsylvania haka, a Virginia haka. Kawu yana kallona ta madubi yana murmushi, ya ce Uwata ta yi wa iyaka kwalliya, iyaka ba ta fito ba.

Aikina a motar shi ne riƙe waya in faɗi hanya. Aikin Tanti ciyarwa. Ta cika kula da dambun nama da dafaffen ƙwai da ƙosan da ta soya da asuba, duk bayan ɗan lokaci sai ta ɓare wani abu ta kai bakin Kawu yana tuƙi, shi kuma ya buɗe baki ba tare da ya duba ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

A Virginia muka tsaya salla a wurin hutawar matafiya. Muna shimfiɗa darduma bayan wata babbar mota sai muka ji an ce, “Sannunku da hanya.” Wani direban tirela ne, mutumin Kumasi, mai suna Malam Awudu. Ya ce tun daga nesa ya gane mu da butar da Kawu ya riƙe, domin a duk Amurka ba mai yawo da buta sai namu. Ya bi Kawu salla, Tanti ta cika masa leda da dambu, ya ba mu shawarar inda za mu kwana. Ya tambaye ni ajin da nake a sakandare. Na ce jami'a nake, shekarata ashirin da uku. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce to Allah ya ƙara tsawo. Na saba. Ko a bas ɗin Bronx an sha tambayata ina mamata.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki a Tennessee, irin wanda kake ajiye mota a ƙofar ɗakinka. Tanti ta ƙi yarda da zanen gadon, ta shimfiɗa nata. Da safe aka ce akwai karin kumallo kyauta. Na tarar da wani ƙarfe mai baki biyu da ake zuba ƙullu a ciki ya gasa wani abu mai kama da masa. Na tsaya na karanta umarnin da aka manna tun daga sama har ƙasa, na koma na sake karantawa, layi ya taru a bayana. Da na zuba, na cika shi fiye da kima, ƙullu ya kwararo har kan takalmin wani dattijo, ƙarfen kuma ya kama kuka. Tanti, wadda ba ta karanta komai ba, ta ture ni, ta juya abin sau ɗaya, ta fito da shi ja-wur. Akwai kuma wani farin abinci na masara da mutanen kudu suke ci da safe. Kawu ya ɗanɗana ya ce wannan tuwo ne da aka fasa tuƙawa, bai zama tuwo ba, bai koma koko ba. Amma ya ƙara.

Daga Alabama zafi ya fara. Ba irin namu ba ne mai ƙona fata ka gudu inuwa ka tsira. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har inuwar. Mutanen kuwa akwai gaisuwa. A gidan mai wata tsohuwa ta riƙe ni da hira kan hijabina da inda za mu da lafiyar maijego, har na ji kamar a Tudun Wada nake. A New York in baƙo ya gaishe ka haka, sai ka dafe jakarka.

Yanzu ga abin da Tanti ba ta sani ba lokacin, kuma shi ya fi ba ta dariya yanzu. Tun a Bronx na nemo wani titi a gefen Baton Rouge mai irin shagon da nake rubutu a kai. Da muka kusa gari, wayar ta ce mu miƙe, ni na ce wa Kawu ya sauka dama. Niyyata mu wuce ta gabansa a hankali, in ga yadda layin yake, in ga ko ana duba katin shaida, shi ke nan. Wallahi iyakar niyyata ke nan.

Shagon ɗan ƙarami ne, an yi masa fenti mai haske, an zana kankana da lemo da abarba a bango. Motoci sun yi layi suna zagayawa ta bayansa, kowace ta fito da fararen kofuna. Babu kwalba a waje, babu bugagge a kwance, babu abin da zai nuna wa mutumin kirki cewa ya kauce. A gida mai sayar da abin nan ɓoyewa yake yi a lungu, mai saye ya waiwaya kafin ya shiga. Nan kuwa da rana tsaka, ga wata mota a layin har da kujerar jariri a baya.

Na'urar sanyin motarmu ta gaji tun Mississippi. Tanti tana fifita da murfin kula, ta hango hoton wani jan abin sha mai ƙanƙara a allo.

“Alhaji, tsaya. Ga zobo can.”

Kawu ya ce anya akwai zobo a ƙasar nan. Ta ce ko ba zobo ba ne ɗan'uwansa ne, ita dai maƙogwaronta ya bushe. Ya sa sigina ya shiga layi.

A nan ya kamata in yi magana. Kalma biyu ce. Na buɗe baki, sai na tuna tambayar da za ta biyo baya: ke ina kika sani? Yarinyar da aka aiko karatu, mai sunan mahaifiyarsa, ta san abin nan daga ganin allo, ta san sunayensa, kuma ita ta kawo su titin. Na dubi ƙeyar Kawu, na dubi gwiwarsa. Na ce wa raina mai tagar za ta faɗa musu, ko ta nemi kati su gane. Wata mota ta shigo bayanmu ta toshe hanya. Na ce wa raina ai ma bincike ne.

Mai tagar yarinya ce da ba ta girme ni ba. Ta dubi Kawu da hularsa da furfurar gemunsa, ba ta nemi komai ba. Ba ta leƙo baya ba, inda nake zaune da fuskar da Malam Awudu ya ɗauka ta 'yar sakandare ce. Tanti ta miƙo kai ta gaban Kawu ta nuna jan, ta ɗaga yatsu uku. Yarinyar ta tambaya ko a ƙara musu wani abu a kai. Ni na san abin da ake ƙarawa, wani awo ne na giyar tsantsa. Tanti kuwa 'yar kasuwa ce, ba a taɓa yi mata tayin gyara ta ƙi ba. Ta ce a ƙara, a ƙara da kyau. Har ta juyo ta ce mini ashe mutanen kudu sun san gyara, ba kamar na New York ba.

Aka miƙo kofuna uku a cikin kwali, kowanne da murfi, an manne ramin murfin da salatif. Tsinkayen roba na zuƙa kuma daban, kowanne cikin takardarsa. Kawu ya miƙo mini duka baya don ya samu ya fita daga layin.

Wannan salatif ɗin na san shi kamar tafin hannuna, shafi guda na rubuta a kansa. A dokar jihar, daskararren abin sha irin wannan ba a ɗaukarsa buɗaɗɗe a mota muddin ba a cire murfin ba, ba a soka tsinke ba, ba a kuma rage abin da ke ciki ba. Da ɗaya daga cikin ukun ya faru, ya zama buɗaɗɗiyar giya a cikin mota. Wato tsakanin katin Kawu da halaka babu komai sai ɗan salatif da bai kai tsawon yatsana ba.

Na yi abin da jaruma irina za ta yi. Na tura tsinkayen ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu.

Da Tanti ta nema, na ce ban gan su ba. Ta yi wa ƙasar Amurka faɗa, ta ce su ba ka gyara su hana ka tsinke. Ta ce in miƙo, za ta buɗe ta kafa kai kamar fura. Na ce ƙanƙarar ta yi tauri, a bari ta ɗan narke. Muka yi gaba kaɗan. Ta sake nema, na ce da mun haƙura mun kai wa maijego ta ɗanɗana. Ta ce maijego ruwan zafi take sha, mi ya haɗa ta da ƙanƙara. Sanyin kofunan ya ratsa zanena, amma gumi nake yi. Kawu ya ce Uwata yau rowa take ji, shi dai a taimaka masa da nasa. Tanti ta juyo da kanta ta zare ɗaya daga kwalin. Na ga farcenta mai lalle ya shiga ƙarƙashin salatif ɗin. Na ga Kawu ya ɗan karkato da kai wajenta, idonsa a kan titi, ya buɗe baki yadda ya saba tun daga New Jersey.

“Kawu, giya ce.”

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Kawu ya taka birki, motar ta yi wani irin lilo ta faɗa gefen titi, tukunyar suna ta yi ƙara a but. Wata mota ta wuce mu tana zabga ham. Wadda ke bayanta ba ta wuce ba. Ta kunna shuɗiyar fitila ta tsaya a bayanmu.

Ɗan sanda ɗaya ne, ku rabu da Tanti. Babban mutum ne baƙi, mai magana a hankali. Kawu ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari yadda direbobin haya suka koya wa juna. Tanti ta sandare da kofin a hannu, ta miƙe shi nesa da jikinta kamar ta riƙo ɓera. Ɗan sandan ya dubi kofin, ya dubi sauran biyun a cinyata, ya karɓi lasisin Kawu, ya tambayi wanda ya sha. Kawu, wanda yake faɗa da fasinjojin Manhattan da Turanci kullum, ya rasa kalma ko ɗaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne wallahi tallahi. Aka ce ya fito ya yi tafiya a kan farin layin gefen titi, don a ga ko a buge yake.

Na gan shi ta gilashi. Ya fito da ƙyar bayan dogon zama, ya sa ƙafar dama a kan layi, ta hagu ta ja shi gefe. Ya sake gwadawa, ta sake jansa. Ɗan sandan ya kai hannu wajen rediyon kafaɗarsa. Mutumin da ko ƙamshin abin nan bai yarda ya shiga gidansa ba, ga shi yana tangaɗi a bakin titi da ƙafar da mashayi ya lalata masa.

Na sauke gilashi. Ban tuna na yanke shawara ba, na dai ji ina magana. Na ce wa ɗan sandan gwiwar tsohon rauni ce, bugaggen direba ne ya buge shi, yana iya duba tabon ɗinkin. Na ce ba su san abin da suka saya ba, sun zaci wani abin shan ƙasarmu ne, ni ce na sani ban faɗa ba, kuma ihuna ne ya sa motar ta kauce. Sannan na jero masa sharuɗɗan nan uku ɗaya bayan ɗaya: murfi yana nan, ba a soka komai ba, kofunan a cike suke. Na ɗaga cinyata na zaro tsinkayen, sun lanƙwashe sun yi laushi amma suna cikin takardarsu, na miƙa masa ta taga.

Ya karɓa ya juya su. Ya karɓi kofin Tanti ya duba. Salatif ɗin ya ɗago rabi, ɗaya rabin yana manne. Ya daɗe yana kallonsa, ni ma ina kallo. Sannan ya sunkuyo ya dube ni da kyau, ya tambayi shekaruna, ya ce in nuna masa kati.

Jama'a, jakar nan da na rataya tun daga Bronx, wadda iyaka bayan iyaka suka ƙi kulawa, ranarta ta zo. Na zaro ta daga ƙarƙashin hijabi na ba shi fasfo, na ba shi katin makaranta, na ba shi katin ɗakin karatu, ina shirin zaro takardar rigakafi ya ce ya isa. Ya tambaya ko a tagar an nemi katin wani. Na ce a'a. Ya girgiza kai. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai gwada giya a numfashi ya sa Kawu ya hura. Ya duba, ya nuna wa Kawu babu komai, ya mayar masa da lasisinsa. Ya ce wa Kawu a sa kofunan a but, kuma nan gaba in 'yarsa za ta ba shi labari mai nauyi ta bari ya tsaya tukuna.

Kawu ya ce ba zai shiga gidan suna da abin nan ba, ba kuma zai ba wani ba, domin bayarwar ma laifi ce. A gidan mai na gaba ya sa na tuttular da su a magudana. Jan ruwan yana gangarawa, Tanti tana tsaye da buta tana wanke hannu har da ƙasa, tana salati. Can ta ce, ita ba kuɗin ke ƙona mata rai ba, gyaran da ta roƙa da bakinta ne.

Da muka koma mota Kawu bai tayar ba. Ya dube ni ta madubi.

“Uwata, tun yaushe kika sani?”

Na ce tun kafin mu shiga layi. Na ce ni na kawo mu titin. Tun da bakin ya riga ya buɗe, na faɗa masa abin da nake rubutawa, na ce saboda ƙafarsa na zaɓe shi, kunya ce ta hana ni faɗa. Ya shafa gwiwar.

“Kunyar nan taki saura kaɗan ta shayar da ni,” in ji shi. “In kin gama rubutun, ki karanta mini da Hausa.”

An yi suna lafiya, an sa wa yarinya Nana Aisha, tukunya ta lotsa a gefe amma ta dafa tuwon. Kafin a watse duk matan gidan sun ji labari, har wata ta tambaye ni a ɓoye ko gaskiya ne na yi wa ɗan sanda wa'azi ya yi kuka.

Rubutun na gama shi bayan mun dawo, kuma na sauya rabinsa. Da can na cika shi da kwatanta dokar wannan jiha da ta waccan. Yanzu abin da na ce kaɗan ne. A ganina bai kamata a miƙa wa mutum giya yana zaune a bayan sitiyari ba, ya sauka ya shiga da ƙafarsa, mai sayarwa ya ga tafiyarsa ya ga fuskarsa. In kuwa an ce tagar ba za ta rufu ba, to kofi uku kati uku, a leƙa a ga wanda ke baya, a sa murfin da in an buɗe ba ya komawa, a kuma yi wa kofin alamar da ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Ni an miƙo mini uku a cinya ba wanda ya tambaye ni, kuma farcen Tanti bai sha wahalar salatif ɗin ba. Na karanta wa Kawu a falo, da Hausa, kalmar nan da ba a faɗa a gidanmu na faɗe ta ban san iyaka ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce a ƙara cewa su daina zana kankana a bango. Na ƙara.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne sana'ar da na samu. A hanyar dawowa duk abin da aka miƙo ta taga, ko ruwan gora ne, sai Kawu ya miƙo baya ya ce Uwata ta duba. Tanti kuma ta sanar da duk Fordham Road cewa surukuwarta ta san giya ciki da waje. Yanzu in na shiga shagon ranar Asabar, sai in tarar mata suna jirana da leda: maganin tari, ruwan wanke baki, kayan ƙamshin kek, wani lemon da yaro ya kawo daga makaranta. Ni da na keta jihohi ban iya furta kalma biyu ba, ina zaune a kan dilar atamfa, na gyara tabarau, ina cewa wannan babu, wannan akwai kaɗan, wannan Hajiya ki zubar.

Jiya Kawu ya dawo daga aiki da zobo na gaske, wanda wata 'yar Agadas take yi a Soundview. Ya ajiye gorar a gabana, ya zauna ya miƙe ƙafar hagu, ya jira. Na buɗe, na shinshina, na ce babu. Sannan ya yi bismilla.